Gurbin da Abdulrashid Bai Bar wa Kansa Ba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa ya nufa, wani da gudu wani da sanda. Ranar Talata 13 ga Mayu 2025, wadda ta yi daidai da 15 ga Zulƙida 1446, Abdulrashid Zubair na Tudun Gawo, a ƙasar Makoda, ya wuce gabana, ni da nake dogara sanda. Yana sauke taki daga amalanke a gonar gadonsu da hantsi ya dafe ƙeya ya zauna, bai sake miƙewa ba. An sa shi a mota za a kai shi asibiti Kano, rai ya yi halinsa tun ba a kai Dawanau ba. Shekararsa talatin da takwas. Muka yi masa sutura bayan la'asar.

Ni ne Malam Hashimu, wanda ya koyar da lissafi shekara talatin da ɗaya a firamaren garin nan. Na koya maka tarawa da ɗebewa, Abdulrashid, kai kuma da na tsufa ka zaunar da ni ka koya min wani ƙirge da ban taɓa ji ba. Na yi mako uku ban rubuta maka komai ba, domin ka tafi ka bar min aiki a hannu. Na'urar da ka kafa ba ta san ka rasu ba. Kullum ƙarfe bakwai na safe sai ta aika wa wayarka gaisuwa da sunanka, wayar kuma tana hannun matarka Asiya, tana takaba. A duk faɗin ƙasar nan ni kaɗai na rage da zan iya hana ta. Idan kuwa na kuskure lamba guda, na'urar za ta kulle kanta, ƙauyuka arba'in da bakwai su rasa saƙon shuka a daidai lokacin da gajimare ya fara taruwa. Ban ga yadda zan yi maka ta'aziyya da wannan a wuyana ba.

Sai na yi wa mai karatu bayani, don ba kowa ya san aikinka ba. Ko a garin nan ma da yawa abin da suka sani shi ne ɗan Zubair ya yi karatun kwamfuta a birni, ya samu aiki mai kyau, sannan ya tattaro ya dawo gida da mahaifinsa ya rasu, har ana cewa wataƙila korarsa aka yi. Ba korarka aka yi ba. Abin da ya tsaya maka a rai shi ne ruwan farko, wanda yake sauka ya jiƙa saman ƙasa, mutane su yi ta murna su zuba iri, sannan sama ta ɗauke mako biyu, tsiro ya ƙone a ramin da aka sa shi. Mahaifinka ya yi shuka sau uku a damina ɗaya, irin na ukun ma a kasuwa ya auno shi, bai san ƙasarmu ba. Ka ce min tun kana yaro kake jin haushin wannan ruwan.

Don haka ka bi ƙauyuka a kan babur, daga nan har wajen Zakirai, kana neman mutum ɗaya a kowane ƙauye da zai yarda ya ajiye gorar awo a tsakar gidansa. Gorar roba ce kawai da ka yanke wa kai, ka manna mata rula. A ɗakin ajiyar ƙungiyar manoma kuma ka kafa na'ura ƙarama, ba ta fi sandar sabulu ba, da sim a cikinta da farantin sola a kan rufi. Daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Oktoba, kowace safiya tana tambayar masu gora ruwa nawa suka samu. Idan abin da ya sauka a yanki ya isa, sai ta aika wa manoman wajen cewa damshi ya kama, a shuka. Wata ƙungiya ta tallafa shekara biyu, wa'adinta ya cika ta tafi, kai ka zauna.

Ban manta ranar da ka kai wa Baba Shago gorarsa ba, dattijon nan na unguwar masu coci, wanda ya fi kowa sanin ƙasa a yankinmu. Ya juya gorar ya kalle ka.

"Ɗan nan, na'urar taka tana jin ƙamshin ƙasa?"

"Ba ta ji, Baba. Shi ya sa na zo ka ara mata hancinka."

Damina guda ka yi kana binsa. Duk ranar da ya tona ƙasa da hannu ya ce yau ta yi, sai ka duba gora ka rubuta. Lambar da na'urar take jira kafin ta ce a shuka, daga hannun Baba Shago ta fito, kuma ba ka taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Ka kuma dage sai na'urar ta yi gaisuwa kafin ta yi tambaya, ka ce ba a tambayar mutum abu ba a gaishe shi ba. Shi ya sa saƙon kowa yake farawa da ina kwana da sunansa.

Ni ban shiga aikin ba sai bayan rasuwar matata Aina'u. Na riga na yi ritaya, 'ya'yana biyu suna Kudu, gidan ya yi min faɗi. Na zama mutumin da ke zama a zaure daga hantsi zuwa azahar yana yi wa awakin maƙwabta faɗa. Wata Alhamis ka yi sallama, ka durƙusa kamar ba kai ne na zane sau biyu a aji huɗu saboda ƙin nuna hanyar lissafi ba.

"Malam, akwai wani lissafi da yake ba ni wahala. Ni gaggawa ta yi min yawa, kai ka sani."

Na ce na sani sarai, na ɗauki sandata. Wallahi na bi ka ina jin daɗin cewa har yanzu akwai abin da ɗan kwamfuta zai nema wurin tsohon malamin firamare.

A ranar ka nuna min fayil. Duk abin da na'urar ta sani yana cikinsa: sunayen masu gora, lambobin wayarsu, ƙauyukansu, da lambar Baba Shago. Kai ka rubuta manhajar da take ɗaukar jerin sunayen ta matse su su zama lambobi zalla, ta jera su a manne. Da ka buɗe min ciki sai na ga layi bisa layi na lambobi da baƙaƙe bibbiyu, sha shida a kowane layi. Ka ce kowane biyu sunansa bayit. Na ce ni ba zan karya harshena ba, rami zan kira shi, tunda kowanne abu ɗaya yake ɗauka kamar ramin shuka. Ka yi dariya ka karɓa, har kai ma ka koma cewa rami.

Ka ce in ɗauke shi kamar gonakinmu na nan, gona manne da gona, babu saura ko taku ɗaya a tsakani. Mutum yana iya canja abin da ya shuka a gonarsa, ya cire gero ya sa wake, ba wanda zai ji. Amma ranar da ya ƙara kunya ɗaya, a gonar maƙwabci ya ƙara ta. A farkon fayil kuma an rubuta nisan kowane mutum daga bakin layi, rami kaza zuwa wurin wane. Idan aka tura abu ya matsa, na'urar za ta je neman Wane ta tarar da rabin lambar wayar wani. Saboda haka bayan an gama gini, abu ɗaya ya halatta: ka sa sabo a ramin tsoho, tsawo daidai da tsawo. Ba ƙari, ba ragi.

Aikina shi ne hatimi. A ƙarshen fayil akwai rami ɗaya da yake shaida cewa ba a taɓa komai bisa kuskure ba. Ana tara duk ramukan, a raba da ɗari biyu da hamsin da shida, abin da ya saura shi ne hatimi. Duk lokacin da aka canja wani abu sai an sake fitar da shi. Kai kana riƙe da waya kana karanto tsoho da sabo, ni ina kan benci da fensir ina juya su zuwa ƙirgenmu na goma, in fitar da bambanci, in mayar. Yakan ɗauke ni awa guda. Kana zaune kana jira, ba ka taɓa cewa in yi sauri ba.

A damina ta uku Baba Shago ya rasu. Bayan kwana goma matarsa Iyatu ta zo ɗakin na'ura a ƙafa, ta kwance wayarsa daga bakin zane ta ajiye a kan tebur.

"Ku faɗa wa abin nan maigidan ya tafi. Kullum sai ya gaishe shi."

Ka buɗe fayil don ka dakatar da saƙon, sai na ga fuskarka ta canja. Akwai alamar da ke cewa a aika ko a daina, amma manhajar, don tsimin wuri, ba ta rubuta ta ga kowa ba, tunda ranar da aka yi gini kowa a aika yake. Abin da ba a ba shi rami ranar gini ba kuwa, ba shi da inda za a rubuta shi daga baya. Ka ba Iyatu haƙuri kamar kai ka yi mata laifi da hannunka, ka goya ta a babur har gida. Kwana biyu ka yi kana sake gina fayil ɗin daga tushe, ka tilasta wa manhajar ta bar wa kowane mutum ramin dainawa, ko da babu komai a cikinsa. Na tuna ka ce fayil ɗin ya fi ƙarfin abin da na'urar take iya ɗauka da ɗan kaɗan. Washegari na tambaye ka, ka ce ka samo dabara. Ni kuma ban bi ba'asi ba.

Wata biyu bayan nan tsawa ta bi ta waya ta ƙone kwamfutarka tana caji, da manhajar gini a cikinta. Masu gyara a birni suka ce babu abin da zai fito. Abin da ya tsira shi ne ginannen fayil ɗin da ke cikin memorin na'ura. Ka ce za ka sake rubuta manhajar bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce har sau biyu, ga gona, ga iyali, ga mutanen da ke kawo maka wayoyinsu ka gyara ba ka karɓar ko sisi. Daga nan aikinmu ya koma faci. Wanda ya canja layi, wanda ya ƙaura, wanda ya gaji ya miƙa wa ƙaninsa gora, duk sai mu zare memori mu sa a wayarka, mu nemo raminsa mu canja da hannu. Ka sayi littafi mai bango ja, ka zana taswirar fayil ɗin, mutum bayan mutum, da inda ramin kowa yake. Kowace Alhamis da hantsi muna ɗakin nan mu biyu, kwanon rufi yana ƙara saboda zafi, kana kawo min gyaɗa soyayya a takarda.

Dole in faɗi abin kunyata, don a san irin mutumin da aka rasa. Nababa mai gorar Zangon Marke ya sauke farali, ya dawo ya same ni a masallacin Juma'a ya ce na'ura tana kiransa gatsau kamar sa'anta. Kai ka tafi Dawanau sayar da wake, ka bar min waya da mabuɗi. Na ga abin bai fi ƙarfina ba. Na je na tura masa Alhaji a gaban sunansa, na fitar da hatimi daidai, ko kuskure ɗaya babu a lissafina, wannan kam ina nan a kan bakana. Amma na manta gona manne take da gona. Duk wanda ke bayan Nababa ya matsa da rami bakwai. Da safe na'urar ta karanta, ta yi tuntuɓe, ta kunna jar fitila ta kulle kanta. Mayar da tsohon fayil bai tashe ta ba. Kwana uku ƙauyuka ba su ji ɗuriyarta ba, sai da ka je birni ka aro kwamfuta, ka jona igiya, ka yi ta buga wasu kalmomi da ke kanka kai kaɗai, sannan ta farfaɗo.

Na zauna ina jiran faɗa, don da ni ne kai da na yi. Ka naɗe igiyarka ka ce, "Malam, Makka ta samar wa Alhaji wuri, fayil ɗinmu ne ƙarami." Ka hau babur ka je ka ba Alhaji Nababa haƙuri da kanka, ka ce laifin ginin ne. Har ka koma ga Allah ba wanda ya ji daga bakinka cewa ni na yi. Kalmomin nan na farfaɗo da ita kuwa, na ce ka rubuta min, ka ce sai mun zauna. Ba mu zauna ba.

Kwana takwas da rasuwarka mahaifiyarka Inna Luba ta aiko a kira ni. Na zauna a bakin ƙofa, Asiya tana daga cikin ɗaki bayan labule.

"Malam," in ji Inna, "yarinyar nan ba ta cin abinci. Da ƙarfe bakwai ta yi sai wayar ta yi ƙara, ta karanta, shi ke nan yinin ya lalace. Mun kashe wayar, ta tashi ta kunna. Ka taimaka ka rufe bakin abin nan."

Na ce, "Asiya, ke me kika ce?"

Daga bayan labule ta ce, "Baba, ban san abin da nake so ba. Idan ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Idan ta makara da minti ɗaya kuma sai in kasa zama. Amma yara sun fara tambayata wa yake gaishe da babansu."

Na ce a ba ni kwana biyu. Na karɓi ɗayar wayarka, ta aiki, da jan littafi, na tafi ina ganin abu mai sauƙi ne, rami ɗaya zan canja kamar yadda muka yi wa mutum huɗu a baya.

Ɗakin na'ura ban taɓa shigarsa ni kaɗai ba tun ranar Alhaji Nababa. Bencinka yana nan, da takardar gyaɗa a ƙarƙashinsa. Na buɗe littafi. Mutum na biyu, ramin dainawa a wuri kaza. Na uku, wuri kaza. Haka har na arba'in da bakwai, kowa da nasa, da rubutunka mai karkata wanda na yi shekara biyu ina ƙoƙarin miƙarwa na kasa. Mutum na ɗaya shi ne kai, mai gorar Tudun Gawo. A gaban sunanka, inda lambar ramin ya kamata ta zauna, ka rubuta: babu, wuri bai isa ba.

Dabarar ke nan. Wuri ya gaza da na mutum ɗaya, ka duba mutum arba'in da bakwai, ka cire naka.

Na rufe littafin na zauna. Na ji haushinka, Abdulrashid, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina wannan yaro har ya mutu bai daina ƙin nuna hanyar lissafi ba. Sannan na yi kuka irin wanda ban yi a maƙabarta ba, don a can akwai jama'a, kuma ni malami ne. A nan ba kowa sai ƙaramar koriyar fitila.

Kwana biyun da na ce suka zama biyar. Ba zan iya share ka daga fayil ba, duk wanda ke bayanka zai matsa. Ba zan iya ƙara maka rami ba. Na yi tunanin cika lambar wayarka da sifili, amma ban san abin da na'urar za ta yi idan ta tarar da lambar da ba lamba ba, kuma ba wanda zan tambaya. Na kira wani abokin karatunka a birni, ya ce in turo masa manhajar gini. Da na ce ta ƙone, sai ya ce Allah ya jiƙan Abdulrashid. Na fita na tsaya a bakin ƙofa, mutane suna wucewa da fatanya suna gaishe ni, suna tambaya ko na'ura ta ce wani abu game da ruwa. Duk garin nan babu mutum ɗaya da zan ce wa ga abin da ke damuna ya gane. Kullum da yamma gabas tana haɗa hadari, kullum da safe wayarka da ke hannun Asiya tana ƙara.

A rana ta biyar, ina alwalar azahar, na tuna dokarka ta farko: sabo a ramin tsoho, tsawo daidai da tsawo. Lambar waya rami sha ɗaya ce, tawa ma sha ɗaya ce. Ba sai an rufe bakin na'urar ba. A juya ta kawai ta fuskanci wani gidan. Tudun Gawo ma ba za ta rasa mai gora ba.

Ranar Litinin da hantsi na zare memori da bismilla. Uku na farkon lambarka da tawa iri ɗaya ne, saura takwas. Na canja su ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa da ƙarfi kamar kana nan kana ji. Na zauna da fensir na fitar da hatimi. Na sake fitarwa, ya zo daidai. Na sake na uku, don babu mai duba min. Da na zo rubuta shi sai na rasa inda kake latsawa, domin ban da ranar Alhaji Nababa, wadda an daɗe da yi, wannan matakin kullum wayar tana hannunka. Ina lalube na taɓa wani wuri a gefe, wani ɗan akwati ya buɗe, ga jimillar fayil ɗin gaba ɗaya, ga abin da ya saura bayan rabawa. Lambar da na yi awa guda ina nema ce. Wayar ta fitar da ita kafin in ɗauke yatsa.

Na daɗe ina kallonta. Shekara huɗu kana zuwa zaurena kana cewa lissafi ya gagare ka. Shekara huɗu kana zaune a benci kana jiran tsoho ya gama da fensir abin da yake ƙarƙashin babban yatsanka. Ka ga mutum yana ruɓewa a zaure, ka san ba zai karɓi tausayi ba, sai ka kawo masa aiki. Ni kuwa ina ta yi maka gorin cewa ba don ni ba da na'urarka ta daɗe da mutuwa, kana cewa gaskiya ne, Malam.

Na rubuta hatimi, na mayar da memori. Fitila ta yi ƙyafta sau uku ta tsaya a kan kore. Amma sai da safe take karanta fayil, don haka ban gaya wa kowa komai ba.

Washegari bayan na dawo daga masallaci na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ajiye wayata a gabana. Ƙarfe bakwai ta yi. Minti ɗaya ya wuce. Sai ta yi ƙara.

Ina kwana, Abdulrashid. Ruwa nawa ka samu jiya?

Kafin hantsi amsoshin ƙauyuka arba'in da shida suka shigo, babu wanda ya ɓata. Na je gidanku, Inna Luba ta ce yau wayar ba ta yi magana ba, Asiya ta sha koko. Na roƙi a ba ni gorarka. Asiya ta miƙo ta ta ƙarƙashin labule, ta ce, "Baba, da tsumma yake goge ta, ba ya sa mata omo, wai yana cinye lambobin rula." Na ce na ji. Na kafa ta a tsakar gidana, nesa da inuwar darbejiya, kamar yadda kake koya wa mutane.

Sunan ne ban canja ba. Zan iya. Nawa bai kai naka tsawo ba, zai shiga har wuri ya ragu, kuma na san yadda ake cike ragowar. Na buɗe wurin sau biyu, na ga ramukan da sunanka yake kwance a ciki, na rufe. Liman ya ce min babu laifi a ciki amma kada in daɗe, mai rai ya fi bukatar gaisuwa. Na ce to. Na rubuta komai a jan littafi, a shafin da ka bari fari, da yadda aka yi da inda aka taɓa, da hanyar lissafin a fili, saboda wanda zai zo bayana. Har yau dai ba wanda ya zo. Ranar Alhamis nakan je ɗakin in share farantin sola, in zauna kaɗan, in kulle in dawo.

Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwa na sosai, irin wanda yake cika kwari. Jiya da safe na tsuguna gaban gorarka na karanta ashirin da shida, na aika. Na tona ƙasa da hannu kamar yadda Baba Shago yake yi, damshi ya wuce tsawon tafina. Kafin ƙarfe tara saƙo ya shiga wayoyin mutane cewa a shuka. Na tsaya a ƙofar gida na ga garin ya fita, maza da sungumi, mata da yara da ƙoren iri. Ƙannenka sun shuka gonar gadonku, a kan takin da ka sauke.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Luba, wadda ta binne miji ta binne ɗa, Allah ya riƙa mata zuciyarta. Ga Asiya, Allah ya sa ta gama takaba lafiya, ya mayar mata da barcinta da cin abincinta. Ga 'ya'yansa Maimunat da Abdulbasit, Allah ya raya su, ya sa idan sun girma su karanta wannan su san wane ne ubansu. Ga ƙannensa da dangi, da masu gora na ƙauyuka arba'in da shida, Musulminsu da Kiristansu, da Iyatu da ta sake takowa a ƙafa ranar sadakar uku, Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Ya Allah, bawanka Abdulrashid ya bar wa kowa wuri ya hana kansa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka shafe kurakuransa, ka sa kowane tsiro da ya tsira saboda aikinsa ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka ba shi masauki a Aljanna inda wuri ba ya gazawa, ka kyautata namu ƙarshen idan ya zo.

Gobe ƙarfe bakwai za a sake gaishe ka, ɗana. Ka yi kwanciyarka, ni zan amsa. Allah ya jiƙanka.